Mai Kaya Ko Dillalinsa: Nasiha Ga Matasanmu Masu Rubuta Manhaja

Ƙannena da ke koyon rubuta manhaja a Funtuwa da Malumfashi da Bakori da Ƙafur, ko kuna karatu a Zariya ko Dutsin-Ma ko Katsina, ko kun shiga shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a ƙarshen 2023, ko kuwa daga ku sai wata tsohuwar kwamfuta da datar dare, akwai abin da nake so ku sa a ranku tun yanzu. Aikin farko da zai kawo muku kuɗi a yankin nan da wuya ya zama wata manhajar zumunta da za ta kara da Facebook. Aikin Alhaji ne mai sito uku na masara da waken soya, wanda ya gaji da littafin da yaransa ke cikawa da biro. Aikin ƙungiyar manoma ne, mai raba taki da iri bashi da damina ta karɓi hatsi da kaka. Aikin dilan maganin feshi ne, ko mai sayen auduga yana kai wa kamfanin gurza. Idan aka tsefe buƙatarsu, guda ɗaya ce: ranar da gardama ta tashi, a buɗe a ga wa ya bayar, wa ya karɓa, buhu nawa, ƙarfe nawa.

Gardamar nan ba baƙuwarmu ba ce. A 2012, zamanin da Akinwumi Adesina ke ministan noma, aka fito da tsarin GES, inda manomi ke samun saƙo a wayarsa ya je wurin dila ya karɓi buhu biyu na taki da rabin kuɗi. A Nuwambar 2015 Babban Bankin Najeriya ya zo da shirin bashin manoma na Anchor Borrowers, aka fara da manoman shinkafa a Kebbi, daga baya aka shigo da masara da auduga. Duk wanda ke zama a majalisar manoma ya ji yadda ake ƙarewa: wannan ya ce sunansa ya fito amma bai ga taki ba, wancan ya rantse ya biya amma takarda ta nuna ana binsa. Manhajar da ba ta iya raba irin wannan gardama, komai kyan launinta a waya, ba ta yi aikin da aka biya ta ba.

To, a ce kun karɓi aikin wata ƙungiya, kun zaɓi Java da Spring. Kun rubuta kilas mai suna Sito, kun sa masa metod kamar bayarDaTaki da karbiHatsi da yafeBashi, har suka kai arba'in. Kowanne cikinsu yana son abubuwa uku da ba na taki ko hatsi ba ne: a duba ko mai kiran yana da izini, a rubuta abin da ya faru a rajista, sannan idan aiki ya tsinke a tsakiya a mai da komai yadda yake. Sabon shiga yakan kwafi layukan nan ya liƙa sau arba'in. Ranar da aka ƙara metod na arba'in da ɗaya sai a manta, kuma abin haushi, ta nan ne buhu ashirin za su bi su ɓace.

Maganin wannan ciwo ne Gregor Kiczales da abokan aikinsa na cibiyar binciken Xerox PARC da ke Kalifoniya suka gabatar a 1997, tsarin da ake taƙaita sunansa da AOP. Suka ce aikin da ke ratsa ko'ina, irin izini da rajista, a cire shi a ajiye wuri guda, a ba shi ƙa'idar inda zai riƙa tare hanya. Daga aikinsu AspectJ ya fito a 2001, ya koma hannun Eclipse a 2002. Spring na Rod Johnson, wanda bugunsa na farko ya fito a 2004, ya zo da nasa salon, kuma daga bugu na biyu a 2006 ya ari alamomin AspectJ irin su @Before da @Around. Guntun kod ɗin nan da ke tsayawa a hanya ya yi aikinsa kafin metod ko bayansa ko ya kewaye shi, shi zan riƙa kira matari.

Ranar da kuka rubuta matari na farko, tambaya ɗaya za ta zo muku kafin ku kai layi na biyar. Kun tare kiran bayarDaTaki, madalla, amma na wane sito? Na Ɗanja ko na Ƙafur? Kuna son ku kama objek ɗin da aka tare ku tambaye shi sunansa. Amsar gajeriya ce, layi ɗaya: matari ya karɓi JoinPoint, ku kira getTarget a kansa. Da yawa nan suke tsayawa, su kwafa su wuce. Ni kuwa nan nake so mu zauna, domin a wannan wurin abubuwa biyu ne a gabanku, kuma sun yi kama ƙwarai.

Spring ba ya taɓa kilas ɗinku. Abin da yake yi shi ne ya ƙera wani objek na biyu, wakili, ya ba shi kamanni iri ɗaya da naku, ya miƙa wa duk wanda ya nemi Sito. Ku tuna yadda ciniki ke tafiya a kasuwar hatsi ta Ɗandume. Baƙo ya zo daga kudu da tirela, da dillali yake magana, da shi yake tayi, shi yake miƙa wa kuɗi, wataƙila har ya loda ya tafi bai ga fuskar manomin ba. A idon baƙo dillali ne mai masara. Amma ku bi dillalin nan gida ku leƙa rumbunsa, ba lalle ku sami ko tiya ba. Aikinsa tsayawa a tsakani, ya duba, ya auna, ya shaida, ya isar. Haka wakilin Spring yake. Kira ya zo masa, ya bi da shi ta kan duk wani matari da ƙa'ida ta nuna, sannan ya miƙa wa mai kaya, wato ainihin Sito da kuka rubuta. A cikin JoinPoint na Spring, getTarget mai kaya yake ba ku, getThis kuma wakili.

Bambancin ba na suna ba ne kawai. Idan a cikin matarin da ke tare bayarDaTaki kuka kama getThis kuka sake kiran bayarDaTaki a kansa, kun koma bakin ƙofa ke nan. Wakili zai sake turo kiran wurin matari, matari ya sake kiran wakili, a yi ta zagaye har manhaja ta faɗi da StackOverflowError. Wanda ya fi wannan yaudara shi ne matarin rajista da aka ba ƙa'ida mai faɗi, ya tare kowane metod na Sito, sannan a cikinsa aka kira getSuna a kan wakili don a rubuta sunan sito. To ai getSuna ma yana cikin waɗanda ake tarewa.

Sannan wakili iri biyu ne. Akwai wanda Java da kanta ke ƙerawa, tun bugu na 1.3 a shekarar 2000, wanda ba ya iya kwaikwayon komai sai intafes. Idan irinsa ne a hannunku kuka tilasta masa ya zama Sito, ClassCastException za ku gani, domin shi ba Sito ba ne, alƙawuran Sito kawai ya ɗauka. Akwai kuma na CGLIB, wanda ke haifar wa kilas ɗinku ɗa ya sa shi wakilci, kuma shi Spring Boot ke zaɓa da kansa tun bugu na 2.0 a 2018. Wannan na biyun ya fi ruɗi, saboda shi Sito ne ta fuskar gado, yana da duk guraben da Sito ke da su. Sai dai guraben fanko ne. Tun Spring 4.0 ana ƙera shi ba tare da an bi ta kwanstirakta ba, don haka wanda ya zura hannu kai tsaye cikin gurbin wakili zai tarar da null. Haka kuma metod ɗin da kuka sa wa final: ɗan ba shi da ikon sake shi, saboda haka ba a tare shi, ba a kuma miƙa shi ga mai kaya, a jikin wakilin yake gudana da gurabensa na fanko. Sai ka ga yaro ya kwana yana neman dalilin NullPointerException a kan gurbin da ya rantse ya cika. Ya cika ɗin kuwa, amma a wurin mai kaya.

Akwai wata ƙura da ba laifinku ba ce, laifin masu raɗa suna ne. Spring yana da tsohuwar hanya ta rubuta matari, MethodInterceptor, wadda ya gada daga yarjejeniyar AOP Alliance. A can abin da kuke karɓa MethodInvocation ne, shi ma yana da getThis, amma nasa mai kaya yake bayarwa, ba wakili ba. Suna ɗaya, gida ɗaya, ma'ana kishiyar juna. Idan kuma kuka bar wakilcin Spring kuka koma AspectJ zalla, wanda ke saƙa matari cikin jikin kilas ɗin kansa, babu wakili sam. A can getThis shi ne wanda kod ɗinsa ke gudana, getTarget kuma wanda aka nufa da kiran. Idan a wurin kira kuka tare, na farko mai kira ne, na biyu wanda aka kira. Idan a wurin aiwatarwa ne, duk biyun abu ɗaya suke nunawa. Idan metod ɗin static ne, babu objek, null za a ba ku. Shi ya sa nake jin tsoron amsar da aka tsinto a intanet ko aka karɓa daga ChatGPT ba tare da an tambayi kai ba: wannan amsar a kan wane tsari take magana? Amsa ce ta gaskiya, amma ta wani gida.

Shawarata ita ce ku rage dogaro da getTarget ɗin ma. Abin da yake ba ku Object ne tsirara, sai kun tilasta masa ya zama Sito, kuma ranar da ƙa'idarku ta kamo wani kilas da ba ku zata ba, manhaja za ta faɗi a gaban manomi. Akwai hanyar da ta fi tsabta, ku faɗi abin da kuke so tun a cikin ƙa'idar:

@Before("execution(* bayarDaTaki(..)) && target(sito) && args(manomi, buhu)")
public void duba(Sito sito, Manomi manomi, int buhu)

Da wannan, Spring zai miƙo muku sito da manomi da adadin buhu kowanne da irinsa, kuma matarin ba zai ma tashi ba sai idan mai kayan Sito ne. Wanda zai gaji aikinku bayan kun tafi bautar ƙasa zai karanta layi biyu ya gane abin da ake tarewa da abin da ake dubawa. JoinPoint ku bar shi ga matarin da da gaske bai damu da ko wane ne aka tare ba, kamar mai auna tsawon lokacin da kowane aiki ya ci.

Ko a irin wannan matari na kowa da kowa, ku lura da sunan da kuke rubutawa a rajista. Idan kuka ɗauki sunan kilas daga wakili, za ku ga wani abu kamar $Proxy da lamba, ko Sito da doguwar wutsiya mai CGLIB a ciki. Ranar gardama sakataren ƙungiya ba zai gane wannan ba, ku ma bayan wata shida ba za ku gane ba. Ku ɗauka daga mai kaya. Idan shi ma ya fito da irin wannan suna, wakili ne aka ɗora kan wakili, kuma AopProxyUtils.ultimateTargetClass zai tono muku na ƙasa. Haka idan kun ƙirƙiri alama taku, a ce @SaiManaja, kuka liƙa ta a kan metod na kilas, amma wakilin na intafes ne: metod ɗin da getSignature zai ba ku na intafes ne, ba shi da alamar, sai matari ya ɗauka babu wani sharaɗi ya buɗe hanya. Wannan kuskure ba ya ihu. Manhaja na tafiya lafiya, yaron sito yana yafe bashi. AopUtils.getMostSpecificMethod ne ke kai ku ga metod na ainihi, ko kuma ku ɗaure alamar a ƙa'ida da @annotation tun farko.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Kun kama mai kaya, ya shigo hannunku. Me ya halatta ku yi da shi? Ra'ayina shi ne ku tambaye shi, kada ku canza shi.

Dalili na farko: a Spring, in ba ku ce akasin haka ba, Sito guda ɗaya tak ake ƙerawa, kowa da shi yake aiki. Tomcat da ke zuwa cikin Spring Boot yana iya sakin zare har 200 a lokaci guda, kowanne yana hidimar wani mutum. A ce wani mai wayo ya rubuta matari da ke kama mai kaya ya sa masa sunan ma'aikacin da ya shigo, a wani gurbi, don metod ya karanta daga baya. A kwamfutarsa zai yi aiki sumul, tunda shi kaɗai ke dannawa. Sai ranar rabon taki a farkon damina, ma'aikacin Malumfashi da na Bakori suka danna a daƙiƙa ɗaya. Na farko ya sa sunansa, kafin metod ya karanta na biyu ya goge ya sa nasa. Rajista ta nuna na Bakori ne ya fitar da buhunan da bai taɓa gani ba. Manhajar da aka kawo don raba gardama ta zama mai shaidar zur, kuma mutumin da za a tuhuma ba shi da yadda zai kare kansa, don kowa ya yarda kwamfuta ba ta ƙarya. Abin da ya shafi kira ɗaya ya tafi tare da kiran, a cikin abin da aka miƙa wa metod, ko a wurin da aka tanada wa kowane zare nasa, yadda Spring Security ke yi da SecurityContextHolder.

Dalili na biyu: duk metod ɗin da kuka kira a kan mai kaya kai tsaye, kun zagaye wakili ne, kun kuma zagaye duk wani matari da ke tare da shi. Binciken izini bai gani ba, rajista ba ta gani ba, alamar @Transactional da ke kan wannan metod ɗin ba ta tashi ba. Idan suna kawai kuka tambaya, babu komai. Idan kuwa rageBuhu kuka kira daga cikin matari, kun buɗe ƙofar baya a ginin da aka ɗauke ku ku tsare, kuma wanda ya zo yana karanta kilas ɗin Sito ba zai taɓa ganin inda buhunan ke raguwa ba, don babu layin da ya nuna. Na fi son matasa su riƙe wannan a matsayin ma'auni: idan matarinku ya fara sanin cikin Sito sosai, yana kiran wannan yana gyara wancan, to aikin ba na matari ba ne, na Sito ne ya ɓata hanya. Ku mai da shi gida. Ƙa'idar cewa ba a ba manomi taki fiye da girman gonarsa ƙa'idar kasuwanci ce, a cikin bayarDaTaki ya kamata a gan ta ƙuru-ƙuru.

Zagaye wakilin nan yana faruwa ko ba ku yi niyya ba, kuma shi ne ramin da kusan kowa ke faɗawa sau ɗaya. Idan wani metod na Sito ya kira ɗan'uwansa na cikin Sito, kiran bai fita waje ba balle ya bi ta hannun wakili. A ce rabonGari yana zagaya manoma ɗari yana kiran bayarDaTaki ga kowanne. Matari zai ga rabonGari sau ɗaya, ɗari ɗin nan kuwa ko ɗaya ba zai gani ba. Haka @Transactional da @Cacheable da @Async duk suke yin shiru a irin wannan kira, ba gargaɗi ba komai. Akwai dabarar AopContext.currentProxy, wadda sai an kunna exposeProxy take aiki, amma masu Spring da kansu ba sa ƙarfafa ta, kuma ina tare da su: kilas ɗin da bai kamata ya san akwai wakili ba ya koma yana nemansa da suna. Abin da ya fi sauƙi shi ne a raba gida, rabonGari ya koma wani kilas, ya riƙa kiran Sito daga waje kamar kowa.

Sai maganar da ta fi kowace nauyi a yankinmu. Kusa da getTarget akwai getArgs, mai ba ku duk abin da aka miƙa wa metod. Matarin rajista mafi sauƙin rubutawa shi ne wanda ke kwashe su duka ya zuba a fayil. Layi uku ne, kuma yana burge mai shi. Amma me ke cikin objek ɗin Manomi? Suna, ƙauye, lambar waya, BVN, NIN, buhu nawa ya kawo, nawa aka tura masa. Rumbun bayanai kun kulle shi da kalmar sirri, fayil ɗin rajista kuwa yana nan a fili, ana kwafarsa a filasha, ana tura shi ta WhatsApp ga abokin da zai taya neman matsala. Manya ma sun faɗa wannan rami. A Mayun 2018 Twitter ta roƙi masu amfani da ita, sama da miliyan 300, su canza kalmar sirri, saboda an tarar ana rubuta su tsirara a wata rajista ta cikin gida. A Maris na 2019 Facebook ta amsa irin wannan laifi, kuma a 2024 hukumar kare bayanai ta Ailan ta ci kamfanin Meta, mai Facebook, tarar yuro miliyan 91 a kansa. Mu ma muna da Dokar Kare Bayanai ta 2023 da hukumar NDPC mai aiwatar da ita. Sai dai ni ba tarar ce ke tsorata ni ba. Ku da kuka tashi kusa da Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara ba sai an yi muku bayanin abin da jerin sunayen waɗanda suka sayar da hatsi makon nan, da ƙauyukansu da kuɗin da suka karɓa, zai iya jawowa idan ya faɗa hannun infoma ba. Ku zaɓi abin da za a rubuta ɗaya bayan ɗaya: lambar manomi ta cikin manhaja, lambar sito, adadi, lokaci, wanda ya yi. Mai izini ya ɗauki lambar ya je rumbun bayanai ya ga sauran.

Wani ƙaramin abu game da getArgs: a Spring kwafin jerin ake ba ku, don haka in kun musanya wani abu a cikin jerin metod ba zai gani ba, sai kun miƙa sabon jerin ga proceed. Amma objek ɗin da ke cikin jerin na ainihi ne. Wanda ya goge BVN daga jikin Manomi don kada ya shiga rajista, ya goge shi ne daga wanda za a adana.

Shi kuwa proceed, wanda matarin @Around kaɗai ke da shi, shi ne ikon cewa a wuce ko kada a wuce. In kun manta ba ku kira shi ba, aikin bai gudana ba. In kun kira ba ku mai do da sakamakonsa ba, mai kira ya tashi hannu wofi. In kun kira sau biyu, an yi aikin sau biyu, kuma wannan ne zai jarrabe ku. Kun san halin sabis a ƙauyukanmu; a Satumbar 2021 ma rufe layukan waya aka yi gaba ɗaya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, har da Funtuwa da Malumfashi da Bakori, aka yi watanni a haka. Dole za ku so matarin da zai sake gwadawa idan kira ya tsinke. Yana da kyau ga tambayar saura buhu nawa. Ga tura kuɗi kuwa, tsinkewar layi ba ta nufin kuɗin bai tafi ba, wataƙila amsar ce ta maƙale a hanya. Duk wanda POS ya taɓa cire wa kuɗi sau biyu ya san zafin abin. Kowace hada-hada ta sami lambarta tun daga wayar ma'aikaci, metod ya duba ko ya taɓa ganin lambar kafin ya motsa. Kuma idan matari ya fi ɗaya a kan metod guda, ku jera su da @Order, mai ƙaramar lamba shi ke fara tarewa. Mai sake gwadawa ya kasance a waje da mai kula da hada-hada, don kowane gwaji ya fara da tasa sabuwa.

Na san da yawanku ba Java kuke yi ba. Maganar ba ta canza ba, kaya ne suka canza. A Python, idan kun naɗe metod da dekoreta, objek ɗin da aka tare shi ne na farko a cikin args, wato self, kuma laburaren wrapt yana ware muku shi da sunan instance. A JavaScript, Proxy da ya shigo a 2015 yana miƙa wa tarkon get abubuwa uku, biyu daga cikinsu su ne target da receiver, na farko mai kaya, na biyu galibi wakilin kansa. A C#, Castle DynamicProxy yana da InvocationTarget da Proxy. Ko'ina kuka je su biyun nan suna nan.

Gani ya kori ji, don haka kada ku tsaya a kan abin da na faɗa. Ku buɗe sabon aiki na Spring Boot, ku rubuta Sito mai gurbi ɗaya da metod biyu, da matari ɗaya da zai buga sunan kilas na getThis da na getTarget, ya kuma gwada ko objek ɗaya ne. Ku gudanar ku karanta. Sannan ku sa wa Sito intafes, ku mai da spring.aop.proxy-target-class ya zama false, ku ga yadda sunan ya canza da abin da ya karye. Ku mai da shi true, ku sa final a metod ɗaya ku ga gurbin ya koma null. Ku sa metod na farko ya kira na biyu ku ƙirga sau nawa matari ya yi magana. Aikin yamma ɗaya ne, ko caji bai cika ba zai isa. In kun gama, ku mai da na ƙarshen nan ya zama gwaji na dindindin a cikin aikin ƙungiyar: a kira bayarDaTaki ta hanyar da manhaja ke kiransa da gaske, a duba cewa layi ɗaya ya shiga rajista, ba sifili ba, ba biyu ba, kuma babu lambar wayar kowa a cikinsa.